Ramuwa a Haƙarƙari

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Mun ci masu jar hula shida da huɗu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fara zuba sakamakon kowane wasanmu na baseball, wasan ƙwallo da sanda, a littafin nan kafin in rubuta rahoton da ake aika wa manyan kulob a Amurka, yau ma ba zan fasa ba. Dioni Payano ya yi jifa zagaye uku da ɗoriya. Ya fitar da masu bugu biyar, ya ba uku hanya kyauta saboda jifansa ya kauce wa faranti, alamar da ke ƙasa a gaban mai bugu. Na'urar auna gudun ƙwallo ta nuna mil casa'in da bakwai a awa har sau biyu. Shekarunsa goma sha bakwai. Tun da na fara koyar da jifa a sansanin nan na Boca Chica ban taɓa riƙe hannu irin nasa ba.

A zagaye na huɗu ƙwallo ta kuɓuce masa.

Yaronsu mai lamba sha huɗu ne ke riƙe da sanda. Na san sunansa, ba na son rubutawa. Ta same shi ƙasan hular kwano, a kuncin hagu, daf da ido. Daga benci na ji ƙarar, kamar an fasa kwakwa da dutse. Bai yi ihu ba, ƙafafunsa kawai ke shure-shure. Kafin a ce kwabo 'yan bencinsu sun zubo fili, namu ma suka tashi. Yara kusan hamsin, wasu ko gashin baki ba su fara ba, suna kirɓar juna, ana tattaka wanda ya faɗi da takalmi mai ƙusa. Wani ya ɗaga sanda zai sauke wa Dioni a ka, na murɗe masa hannu har sai da ya saki yana kuka. Mai koyar da jifansu, wanda muka yi wasa tare a zamanin ƙuruciya, ya ci kwalata yana cewa ya san ni, ya san halina. Na fasa masa baki. Har yanzu yatsuna a kumbure suke, kuma in faɗi gaskiya daɗin zafin nake ji.

Alƙalin wasa ya kori mutum tara, har da ni da Dioni. Motar asibiti ta tafi, aka zuba yashi a kan jinin, aka ƙarasa wasa.

Laraba, 3 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na safe

Jiya ban rubuta maganar Yunior ba, yaronmu da ya fi kowa bugu. Ranar Litinin a filin masu jar hula ya buga musu ƙwallo ta tsallake katanga, ya tsaya yana kallonta yana rangaji kamar ango. Da ya dawo bugu na gaba, mai jifansu ya ɗirka masa ita a haƙarƙari. Har yau in zai yi tari sai ya riƙe gefensa.

Kowa a ƙasar nan ya san dokar, ko da babu ta a littafin alƙali. An taɓa naka, ka taɓa nasu. A haƙarƙari ko a ɗuwawu, ban da kai. A kan haka aka raine mu. Lokacin da nake jifa, manajanmu na lokacin ko baki ba ya buɗewa, kallonka kawai zai yi ya taɓa haƙarƙarinsa sau biyu da ɗan yatsa. In ka yi kamar ba ka gani ba, to ka shirya cin abinci kai kaɗai har kakar wasa ta ƙare. Na rubuta wannan ne kawai don ya faɗo mini a rai.

Laraba, ƙarfe uku na rana

An ci mu bakwai da biyu. Tiburcio, manajanmu da muke ce wa Tibo, compadre na ne, wato shi ya riƙe ɗiyata ranar baftisma, shi ya sa nake ƙyale shi ya faɗa mini abin da wani ba zai faɗa ya kwana lafiya ba. Ya same ni a bayan rumfa ina tsince ƙwallaye.

"Compadre, me ka ce wa yaron nan jiya kafin ya hau tudun jifa?"

Na ce maganar ƙafarsa ta hagu muka yi, yana saurin sauke ta. Tibo ya daɗe yana kallona yana juya tsinken sakace a baki, ya ce to, ƙafar hagu, ya wuce abinsa. A rahoto na rubuta cewa ƙwallo ce ta kuɓuce. Hukumar gasa ta dakatar da Dioni wasa shida, ni kuma wasa uku saboda bakin da na fasa.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Ruwa ya hana wasa. An ce ƙashin kuncin ya tsage gida uku. Maganar ido ba su ce komai ba tukuna.

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Mun ci uku da ɗaya, wasan ba abin a zo a gani ba ne.

Yayyen yaron da ƙwallon ta samu sun zo ƙofar sansani, su uku a kan babur biyu. Babbansu, Fausto, mai saran rake ne, wuyansa ya kai cinyata kauri. Ya riƙa goga adda a jikin ƙarfen ƙofa har tartsatsi na tashi, yana kiran sunan Dioni a hankali, irin kiran da ake yi wa kaza za a yanka. Mai gadi ya ɗaga bindiga. Fausto ya ce masa ya ajiye abinsa kada ya ji wa kansa ciwo, ba da shi suke yi ba, kuma su ba sauri suke ba, katanga ba ta riƙe mutum har abada. Na fito zan je wurinsu, sai da mutum uku suka danne ni. Ban san abin da zan yi ba in na isa, jikina ne kawai ke neman duka, ko in bayar ko in karɓa.

Sai yau na ji cewa ƙauyensu ɗaya da Dioni, can cikin gonakin rake bayan San Pedro. Ƙofa uku ce tsakanin gidansu da na uwar Dioni. Tare suka koyi wasa da sandar tsintsiya da marfin kwalba, tun ba su san sa wando ba. Dioni bai gaya mini haka ba ranar Talata. Ni ma ban tambaya ba. Me zai sa in tambaya, ai maganar ƙafa muka yi.

Lahadi, 7 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Gida. Matata Nereida ta yi mangú, dakakkiyar ayaba, da soyayyar albasa yadda nake so, na zauna ina juya cokali. Ta ce, "Tsoho, kai da ko zazzaɓi bai taɓa raba ka da kwano ba?" Na ce zafin gari ne. Ta ce shekara ashirin da shida tana kallon fuskar nan, ta san ta zafi, ta kuma san ta mara gaskiya. Na maka farantin a bango. Ta ɗauko tsintsiya ta share.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

An ci mu biyar da huɗu a zagayen ƙarshe.

Mista Kessler ya kira ni ofis. Shi ne Baturen da kulob ta ajiye mana a bene, shi ke yanke wanda zai haye Amurka da wanda za a ba jakarsa. Ya shimfiɗa rahotannina na wata biyu a kan tebur. Ya ja jan layi ƙarƙashin magana ɗaya da na maimaita har sau tara: hannu mai albarka, amma bai san inda ƙwallo za ta ba. Har da wurin da na yi ba'a, na ce in Dioni ya nufi Santo Domingo sai ta sauka a La Romana. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya matsa mini.

Ya ce abin hanya uku ne. In kuɓucewa ce, to yaro ne da casa'in da bakwai ta fi ƙarfinsa, kuma kulob ba za ta zauna jiran ya kashe ɗan mutane ba. Za a ga yadda zai dawo daga dakatarwa, in bai gyaru ba sunansa zai shiga cikin waɗanda za a sallama ranar Juma'a, ashirin da shida ga wata. In kuma da gangan ya yi don raɗin kansa, yau ɗin nan zai tafi. Sai ya cire tabarau ya dube ni.

"In wani babba ne ya sa shi, Radhamés, wannan ba laifin yaro ba ne. Za mu riƙe shi, mu ba shi lokaci, mu haɗa shi da likita. Babban ne zai tafi. Akwai wanda ya sa shi?"

Na ce ni dai ban ji wani ya ce masa komai ba. Kuma ban yi ƙarya ba, babu wanda ya buɗe baki ranar nan.

Ya ce ya tambayi Dioni da safe, yaron ya ce kuɓuce masa ta yi. Sau uku ya tambaye shi, sau uku ya maimaita, idonsa na kan takalminsa.

Shekaruna hamsin da huɗu. Ban iya tuƙi ba, ban iya gini ba, ban iya sayar da ko lemo ba. Wanda aka kora a kan irin wannan, kafin ya kai bakin titi sunansa ya zaga duk sansanonin da ke tsibirin nan. Yaron zai dawo. Hannu irin wannan ba ya mutuwa don ƙwallo ɗaya.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Wascar. Sunansa Wascar, shekarunsa sha bakwai shi ma. Idon ba zai dawo ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

An ci mu sha ɗaya da uku. Dioni ya dawo.

Mil tamanin da huɗu. Tamanin da biyar. Na buga na'urar a cinyata, na ɗauka ita ce ta lalace. Duk jifan da ya yi waje yake kai shi, nesa da mai sanda, har mai cafke masa ƙwallo ya riƙa tashi yana tsalle kamar mai kamun fara. Ya ba mutum biyar hanya kyauta a jere. Ɗaya ta wuce saman kowa ta daki raga. 'Yan ɗaya bencin na ihu suna cewa a kawo musu hular kwano biyu-biyu, mahauci ya zo. Tibo ya sauke shi ko zagaye ɗaya bai gama ba. Ya zo ya zauna a ƙarshen benci, ya lulluɓe kai da tawul. Ban je kusa da shi ba. A rahoto na rubuta cewa tsatsar hutu ce, za ta wanke.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ba mu da wasa yau. Tun ƙarfe bakwai na fito da shi ƙaramin fili, daga ni sai shi sai guga cike da ƙwallo. In ba kowa a kan faranti, jifansa sai ka rantse bindiga ce, casa'in da shida, casa'in da bakwai, kuma a tsakiya. Sai na ɗauki sanda na tsaya a wurin mai bugu, ban sa hula ba. Na ce ya jefo ta ciki, ta gogi rigata. Ya jefa ta waje, taku biyu daga inda nake. Na ce ya sake. Ya sake kai ta waje.

Na zage shi. Na zagi ƙauyensu, na ce raken da ubansa ya mutu yana sara na nan na jiransa, adda ba ta tambayar mutum mil nawa yake jifa. Na matso har na rufe farantin da jikina na ce, "Jefe ni, ɗan banza. Ga ni nan. In kai namiji ne fasa mini kai." Ya ɗaga ƙafa, hannun ya tashi, ya tsaya a sama, ƙwallon ta zame ta faɗi bayansa. Na taka har tudun na kwaɗa masa mari. Ban taɓa marin yaro ba a shekara goma sha ɗaya. Bai kare fuskarsa ba, bai kuma yi kuka ba. Ya kira ni yadda yaran ke kiran malaminsu.

"Profe, duk wanda ya tsaya a wurin, Wascar nake gani. Kai ma yanzu shi na gani."

Ya juya ya yi amai a gefen tudu. Ni na kwashe ƙwallayen.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Mun ci takwas da shida. Yunior ya buga biyu masu kyau, gefensa ya warke sarai.

Labari ya zo daga ƙauye. An sassare wa akuyar uwar Dioni ƙafafu huɗu, aka bar mata ita da rai a bakin ƙofa, sai da ta nemi maƙwabci ya ƙarasa ta. Kwana uku ana jifan kwanon rufinta da duwatsu. Ta aiko masa cewa kada ya kuskura ya zo gida ranar Lahadi, ko mutuwa ta yi.

A ɗakin cin abinci Yunior na ba da labarin bugunsa yana dariya. Dioni, wanda ko sauro ba ya kashewa sai ya ba shi haƙuri, ya tashi ya sauke masa tiren ƙarfe a tsakar ka, shinkafa da wake suka watsu har silin. Suka kama kokawa a ƙarƙashin tebur, cizo da yaƙushi, goshin Yunior ya tsage. Da aka raba su Yunior na share jini yana cewa, "Ni na ce ka rama mini? Ni na aike ka?" Ba wanda ya dube ni. Yara talatin, kowa ya sami abin kallo a cikin kwanonsa, a nan na gane duk sun sani.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Saura kwana tara. Ƙwallo ce ta kuɓuce. Ai da gaske ta kuɓuce, ba can aka nufa ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

An ci mu tara da babu. Dioni ya jefa wa mutum uku, duk ya ba su hanya. Na huɗun gajere ne mai son matsowa kan faranti. Dioni ya dube shi, ya ajiye ƙwallo a ƙasa a hankali kamar ƙwai, ya sauko daga tudu ya nufi benci ba wanda ya kira shi. Kessler na zaune bayan raga yana rubutu.

Bayan wasa Tibo ya rufe mu a ɗakin kaya. Ya ce ya gaji da maganar ƙafar hagu. Ya ce yana tsaye taku uku daga inda nake ranar nan, kuma idonsa bai mutu ba tukuna. Na ce in ya ga wani abu ya hau bene ya faɗa. Ya ce shi ba ya kai ƙarar uban ɗiyar da ya riƙe a coci, ni zan kai kaina. Na hankaɗe shi ya faɗa kan sanduna, ya tashi ya zuba mini naushi a kunne. Tsofaffi biyu muna haki muna dambe a cikin ƙwallaye, da wani ya leƙo da ya sha dariya. Da muka gaji ya zauna a kan guga yana taɓa haƙorinsa.

"Ba ramuwar ce ta dame ni ba, compadre. Da ka yi haƙuri zuwa zagaye na bakwai ni da kaina zan sa a rama, in ba wanda ya san hannunsa. Kai ka ɗauki yaron da ka rubuta sau tara bai san inda ƙwallo za ta ba, ka ce ya nemo maka haƙarƙari."

Na ce so na yi ya zama namiji, yaran su girmama shi kafin ya haye. Tibo ya ce to ga shi nan ya zama.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Mun ci huɗu da uku. Na je gindin matakalar ofis sau biyu. Na farko na ce bari ya gama waya. Na biyu na tarar da mai shara, na tsaya muna hirar ruwan sama har Kessler ya sauko ya gaishe ni ya shiga mota.

In aka sallami yaron nan ranar Juma'a, ƙofa uku ce tsakaninsa da Fausto. Wannan na san yadda ake gyara shi. Maganar ofis ce ban iya ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Na ce wa Nereida zan je duba wani yaro mai jifa a San Pedro. Ta ce in sa tsohuwar riga.

Laraba, 24 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

A kishingiɗe nake rubutu, kwanciya ba ta yiwuwa. Haƙarƙari uku, in ji likita, ɗaya ya kusa taɓa huhu.

Ɗan acaba ya sauke ni a bakin ƙauyen ya ce iyakarsa ke nan. Na same su a ƙarƙashin bishiyar mangwaro suna buga domino. Wascar na zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, rabin fuskarsa a naɗe, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ana ba shi romo da tsinken shan lemo. Ya rame har riga na yawo a jikinsa. A watan jiya na rubuta wa manyanmu cewa yaron nan ne ya fi kowa saurin hannu a duk gasar.

Na faɗi sunana da aikina. Na ce Dioni bai yi niyyar komai ba. Ni na kalle shi kafin ya hau tudu, na taɓa haƙarƙarina sau biyu. Ya girgiza mini kai, na sake taɓawa. Ga shi na rubuta. Ni ne. Ya girgiza kai, na sake.

Fausto ya kife ƙwayoyin dominonsa ya miƙe. Ƙaraminsu ya zaro adda, Fausto ya ce masa ya mayar. Ya shiga ɗaki ya fito da sandar wasan Wascar, har yanzu da lambarsa a gindi.

"Tsoho, a ina ka ce dokar taku ta ce a buga?"

Na ɗaga hannuwa sama na ba shi gefe. Na farko ya ɗauke mini numfashi, na biyu na ji abu ya ɓalle a ciki. Na faɗi, suka sa ƙafa. Na tuna ɗanɗanon ƙasa da jini, da wata mata na cewa ya isa haka kada su jawo wa uwarsu gawa. Ban rama ba, karo na farko a rayuwata. Da suka gaji Fausto ya tsuguna a kaina yana haki, ya ce magana ta ƙare tsakaninsu da Dioni da uwarsa, ya rantse da kabarin ubansa, ni kuma kada ya sake ganin ƙafata a garin. Wascar bai ɗauke idonsa ɗaya daga kaina ba har aka ɗora ni a bayan motar rake.

Wallahi tun ranar biyu ga wata ban ji sanyi a raina irin na bayan motar nan ba. Kowane rami ta faɗa sai na ga taurari, amma dariya nake. Na biya. Na aika wa ofis cewa faɗuwa na yi a babur. Nereida ta naɗe ni da bandeji, ta ce babur ɗin ya iya zaɓen wuri.

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Tibo ya yi waya, mun ci biyu da ɗaya. Ya tambaya ko na yi magana da mutumin bene. Na ce na riga na kashe wutar daga tushe. Ya ce gobe Juma'a, ya kashe wayar.

Juma'a, 26 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na lallaɓa na je sansani. An sallami yara biyar, Dioni na uku a jerin. Ban ce ban yi tsammani ba.

Na same shi a ɗakin kwana yana cusa kaya a jaka. An karɓe rigunan kulob, an bar masa safar hannunsa da takalmi. Na zauna a gadon da ke kallon nasa, da ƙyar, na ɗaga riga na nuna masa bandejin. Na gaya masa inda na je da abin da aka yi. Na ce ya tafi gida hankali kwance, ba mai taɓa shi, ba mai taɓa uwarsa, Fausto ya rantse. Na ce ya huta wata biyu, hannun zai dawo, zan yi wa wani magana. Ina faɗa ina jin daɗin kaina, ina jiran ya gode.

Ya ce ya ji labari tun ranar Litinin, uwarsa ta gaya masa. Ya ce sannu da jiki. Ya zuge jakar, zip ɗin ya maƙale, ya tsaya yana gyarawa.

"Profe, sau uku Bature ya tambaye ni. Ban faɗa ba, don na ɗauka kai za ka faɗa. Kullum in na ga ka nufi wajen ofis sai in ce yau ne."

Na ce ai na faɗa, na faɗa a inda ya fi wuya, a gaban masu adda.

"Ka sha motar awa biyu ka je a karya ka, ofis kuwa ga shi nan saman kanmu. Ni ba hanyar komawa gida nake nema ba, profe. Zama nake so in yi."

Ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in sa masa albarka, yadda yaranmu ke yi wa manya in za su yi tafiya. Na sa masa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi sandar Fausto zafi nesa ba kusa ba.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Ban san sakamakon yau ba, ba a fara ba tukuna, kuma ba ni zan rubuta ba.

Na hau benen. Kessler ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce in ajiye na'urar da makullin ɗakin kaya a wurin mai gadi. Na ce na ji, Dioni fa? Ya duba takardar da ke gabansa, ya ce da na zo ko shekaranjiya ne. Tun jiya da yamma aka ba wani yaro gadonsa.